Sauran Kwanon Baba

Ƙarfen dai shi ne, ni ma ni ne, amma ranar ya ƙi tashi daga ƙirjina. Sai da Matthew ya zo ya ɗauke mini shi, ina kwance a kan benci ina haki, idanuna na ganin duhu-duhu.

"Saïdou, lafiya kuwa?" in ji shi. "Wannan fa kwanakin baya da wasa kake ɗaga shi."

Matthew mai walda ne, mutumin Jos, Hausarsa ma ta fi tawa daɗi. A bayan shagonsa da ke unguwar da ake kira London, a nan garinmu, ya haɗa mana wurin ɗaga ƙarfe, da tsofaffin ƙarafan mota da siminti da aka zuba a gwangwanayen fenti. Samarin da ke zuwa don 'yan mata suke yi, kowa na leƙen damtsensa a fasasshen madubi. Ni kuwa don Baba nake yi.

Gidanmu a unguwar Derrière la Prison yake, can ƙasan gangare inda mota ba ta shiga. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, ni nake goya shi in hau matakalan nan masu santsi har bakin titi, ranar Juma'a zuwa masallaci, da ranar da zai ga lokotoro a asibiti. Yayata Mairamou kuwa kullum cikin waya take daga Maradi, wai a sa shi a jirgi a kai mata shi. Ta faɗa mini ɓaro-ɓaro cewa ranar da na kasa ɗaukarsa, magana ta ƙare. Baba ba ya son tafiya. A nan ya tsufa, a nan aka rufe mahaifiyarmu, kuma ni ma wallahi ba na son ya tafi.

To ga abin da ya ɗaure mini kai. A wurin Matthew kullum baya nake yi. Cinyoyina ciwo suke, in na kwanta barcin ma ba ya zuwa da daɗi. Amma ranar Juma'a in na goya Baba, sai in hau gangaren nan ko tsayawa ba na yi a gindin mangwaron da na saba hutawa. Yaya za a yi mutum ya raunana a London, ya yi ƙarfi a Derrière la Prison?

Babu abin da ban zarga ba. Na ce Matthew ya ƙara siminti a gwangwanayen don ya wulaƙanta ni, ya yi dariya har da riƙe ciki. Na ce ruwan saman garin nan ne ya jiƙa su suka yi nauyi, ya nuna mini rumfar kwano a kansu. Na je aka duba jinina ko zazzaɓin sauro ne, babu. Har na fara hararar wani maƙwabcinmu da ya taɓa cewa "kai, wannan ƙirji," bai ƙara da tubarkalla ba. Da na rasa wanda zan kama, sai na ƙara yawan zuwa. Da can jefi-jefi nake zuwa, na mayar da shi kullum.

"Abin da ke kashe ka ke nan," in ji Matthew. "Tun safe kana sauke katan a butik, shagonku na unguwar Glass, da yamma ka zo nan. Tsoka sai ta huta take ginuwa. Ka je ka yi barci, ka ci abinci, kada in gan ka sai mako mai zuwa."

Hutu? Da Yaya Mairamou a kan waya? Ban ji wannan ba. Maganar ci kawai na ɗauka. Da na koma gida na zauna a tsakar gida, daidai tagar ɗakin Baba, na zazzage wa matata Zubaida komai: ƙarfe ya fi ƙarfina, ban san dalili ba, kuma ina tsoron ranar da ƙafata za ta lanƙwashe da Baba a bayana. Ta ce Allah zai kawo sauƙi, za ta ƙara hannu a girki.

Ci kam na ci. A gidanmu, tun ina yaro, abin da Baba ya rage a kwanonsa nawa ne, albarka ce, ba a mayar da ita tukunya. Zubaida ba ta shiga ɗakinsa saboda kunyar suruki, don haka ni nake kai kwanon, in fita in ba shi wuri, in dawo in ɗauka, in cinye sauran a bakin ƙofa. Kwanakin nan saura ya yi yawa, har da kifi guda ba a taɓa ba. Na ce a raina lallai Zubaida ta cika alkawari. Duk da haka ƙarfen Matthew bai san ina ci ba.

Ranar ganin lokotoro ta zo. Baba ba ya iya tsayuwa a kan sikeli, saboda haka yadda suke yi shi ne in hau da shi a bayana, a duba, sannan in hau ni kaɗai, a cire. Ma'aikaciyar ta duba, ta sake cewa mu hau, ta sake dubawa. Ni na ƙaru, Baba kuwa ya ragu sosai. Ta kama hannun rigar Baba ta naɗe, sai ga ƙashi da fata. Babbar rigarsa ce take rufe komai, ni kuma ban saba ƙura wa mahaifina ido ba.

"Tsohon nan yana cin abinci kuwa?" ta tambaye ni da Faransanci, rai a ɓace.

Na ce yana ci. Da na faɗa sai na ji maganar ba ta zauna ba.

A tsakar gida na tare Zubaida. "Kwanon Baba, nawa kike zubawa?"

"Kullum ƙarawa nake," ta ce. "Tas yake dawowa, har ina murna cewa cinsa ya buɗe."

"Tas yake dawowa don ni nake cinyewa."

Muka tsaya muna kallon juna. Ita kwano take gani babu komai, ni kuma kwano nake gani a cike, babu wanda ya ga abin da ke shiga bakin Baba.

Da rana na kai masa shinkafa da miyar gyaɗa, ban fita ba. Na zauna a kan tabarma, abin da ban taɓa yi ba. Ya ɗebi loma biyu da hannunsa mai lafiya, ya sha ruwa, ya turo mini kwanon.

"Baba, ka ci mana."

"Na ƙoshi."

"Baba, a wurin lokotoro sun ce ka rame ƙwarai. Wani abu ke maka ciwo? Ko girkin ne?"

Ya juya ya kalli taga. Tagar nan ce dai, wadda na zauna a ƙarƙashinta ina surutu.

"Na ji ka ce ƙarfe ya fi ƙarfinka," ya ce, bakinsa a karkace, kalmomin na fitowa da ƙyar. "Ni ba ni da ƙarfin da zan ƙara maka, Saïdou. Kayan ne kawai zan iya rage maka."

Kunya da tausayi da haushi suka haɗe mini, har na rasa wa zan yi wa faɗa, shi ko ni. Na jawo kwanon, na ɓare kifin, na cire ƙaya, na mayar gabansa.

"Ba zan koma wurin Matthew ba sai na huta, kamar yadda ya ce. Kai kuma ka ci ka yi nauyi, Baba. Ko a gindin mangwaron ne sai mu tsaya mu huta."

Ya dube ni, ya dubi kifin. Ya raba shi biyu, ya turo rabi gefena, ya ɗauki ɗaya rabin a hankali ya kai baki. Ban taɓa nawa ba sai da na ga ya haɗiye.