Wandon Soja a Ranar Jana'iza

Cuthbert ya gama haƙa kabarin ƙaninsa Elwin da hannunsa, yana hanyar gida ya yi wanka, 'yan sanda suka kama shi saboda wando.

A ƙauyensu ba a ɗaukar ɗan haya ya haƙa kabari. Maza ne ke fitowa da sassafe da diga da shebur, kwalbar barasa tana zagayawa, mata su aiko da tukunyar dahuwa. Idan yamma ta yi aka fito daga coci, babban wa shi ke riƙe igiyar da ke wajen kan mamaci har akwati ya sauka ƙasa. Elwin ba shi da wani wa a duniya sai Cuthbert.

Wandon kuwa 'yarsa ce ta aiko daga Toronto a cikin duron kayan Kirsimeti, tare da shinkafa da sabulu da tarkacen gwanjo. Mai dabbare-dabbare ne irin na soja. Duk ƙasarsu Grenada babu wanda bai san doka ta hana farar hula sa irinsa ba, shi ma Cuthbert ya sani sarai. Shi ya sa ya mai da shi wandon gona. A tunaninsa, wandon da ya yage a gwiwa, jar laka ta rufe shi har ƙugu, ai ya daɗe da yin ritaya daga aikin soja.

Motar 'yan sanda ta tsaya a gefensa daidai kwanar famfo. Kofur Antoine, wani sabon zuwa mai sheƙi kamar an goge shi da man takalmi, ya leƙo da kai.

"Baba, wace bataliya kake?"

"Ɗana, daga maƙabarta nake. Ƙanina za mu binne yau."

"Allah ya ji ƙansa. Hau mota."

"In hau? Ina takardar kamu?"

"Wace takarda kuma? Laifi yana jikinka, idona yana kai. Hau, Janar, kar ka ɓata mana lokaci."

Ranar Juma'a ce, kotu kuma sai Litinin. Wannan lissafin Cuthbert yake yi lokacin da aka tura shi ɗakin tsarewa, wari ya tare shi tun daga bakin ƙofa. Ramin masan ofishin ya cika ya toshe tun damina, ruwan yana dawowa ta ƙarƙashin bango, ya kwanta a kusurwa, kore-kore, ƙudaje suna biki a kai. Mutumin da ya shafe safiya cikin kabari bai ji ƙyama ba, nan sai da ya toshe hanci da rigarsa. Ya rasa inda zai zauna, ya tsaya a tsaye.

Labari ba ya kwana a ƙauye. Kafin rana ta take tsaka matarsa Icilda ta iso, baƙar kwat ɗinsa a rataye a hannunta, takalminsa a leda. Yana jin muryarta daga ciki.

"Yallaɓai Saja, tsohon nan wa ya kashe? Gonar wa ya shiga? Ka san shi, ka san gidansa, a coci ɗaya kuke zama. Ka ja masa kunne ka sake shi. In ma kotun ce, ba shi beli, Litinin zai zo da ƙafarsa. Ina zai gudu da wannan gwiwar?"

Saja Modeste yana cin soyayyen kifi da hannu, a cikin wannan warin, ko a jikinsa. Ya tsotse ƙaya ya ajiye a gefen tebur.

"Mama, kwantar da hankalinki. Sa'a kuka yi. Da bara ne, da sai ya kwana uku a ciki. Yanzu an waye."

Saja bai daɗe da dawowa daga wata bita a babban birni ba, inda aka koya musu cewa bai kamata a riƙa cika ɗakin tsarewa da masu ƙananan laifuffuka ba: akwai gargaɗi, akwai beli, akwai aikin al'umma. An kuma faɗa musu cewa aikin al'umma alƙali ne kaɗai ke yanke shi, amma da alama lokacin da aka zo wannan wurin Saja yana layin abinci. Abin da ya dawo da shi gida kawai shi ne an ba shi leburori kyauta.

Ya sa aka fito da Cuthbert.

"Kawu, ni ba na son tsare dattijo, Allah ya gani. Zaɓi zan ba ka. Ko ka jira alƙali Litinin, ko ka yi wa al'umma ɗan aiki ka tafi abinka yau. Na ji an ce a haƙa ba ka da na biyu."

"Wane aiki?"

Saja ya nuna bayan ofis da ƙayar kifi.

Icilda ta ce, "Kai! Ka ji tsoron Allah, Modeste. Gawa ce fa ke jiransa."

"To ai shi ya sa nake taimakonsa, Mama."

Cuthbert ya dubi matarsa, ya dubi kwat ɗin. Zuciyarsa tana tafasa, amma in ya buɗe baki ya faɗi abin da ke cikinta, Elwin zai sauka kabari a hannun wani. Ya haɗiye.

"Kawo shebur. Wandon fa, in cire?"

"A'a, yi da shi mana. Kar ka ɓata na kirki."

Haka aka yi. Wandon da doka ta ce bai isa ya taka titi da shi ba, da shi ya shiga ramin gwamnati har cinya. Ya ɗaga murfin siminti, abin da ke ciki ya yi numfashi a fuskarsa, ya juya ya yi amai. Ya goge baki ya fara kwasa. Shebur ya kasa, ya koma bokiti. Bakin bututun da ruwa ke fita kuwa bokiti bai isa ba, tsummoki da leda da abin da ba ya faɗuwa sun cushe shi, sai da ya sa hannu har kafaɗa. Kofur Antoine yana tsaye can nesa a inuwar mangwaro, hankici a hanci, yana cewa, "Janar, ga wani can gefen hagu." Ƙararrawar coci ta fara kaɗawa yana cikin ramin.

Da ruwa ya wuce, Saja ya leƙo ta taga ya yaba aiki. Ya ce shi ke nan, magana ta mutu, babu kotu, babu suna a ko'ina. Wandon ma, da ake cewa shaida ne, ya ce Kawu ya tafi da kayansa, su ba su da wurin ajiye shi.

A famfon da ke kwanar nan ya yi wanka, a bainar jama'a, Icilda ta kare shi da zaninta. Ya cuɗa da sabulu har fata ta yi zafi, ya cuɗa da yashi, ya matse lemun tsami a hannuwansa. Ya sa kwat a kan jiƙaƙƙen jiki. Coci kam ta wuce shi, sai suka nufi maƙabarta kai tsaye, yana ɗingishi.

Sun jira shi. Akwati yana bakin kabari, igiyoyi a shimfiɗe, ta wajen kai babu wanda ya taɓa. Da ya shigo mutane suka buɗa masa hanya, suka buɗa fiye da yadda ake buɗa wa mai makoki. Wata tsohuwa ta kai hankici fuska kamar hawaye take sharewa.

Matar Elwin ta ɗago kai. "Yaya, kai muke jira. Zo ka kama."

Cuthbert ya matsa har bakin ramin, ya sunkuya zai ɗauki igiya. Sai ya ga faratansa. Baƙin yana nan a ƙarƙashinsu, sabulu bai kai can ba. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya miƙe, ya mai da hannuwansa baya ya harɗe su.

"Yaya?"

"Ba da wannan hannun ba," ya ce. "Ku ba ɗan Elwin ya riƙe."

Ya ja da baya har jikin shinge, ta inda iska ba za ta kai warinsa kan ƙaninsa ba. Daga can ya tsaya yana kallo aka saukar da Elwin.