Ranar da Na Koyi Fiton Matan Teku

Yaya, zauna ki ji! Kan nan nawa ya sake ni, kuma ban cire Da-on daga nono ba!

Kin san tun da na haife ta yake sara min, nan bayan ido. Likita ya auna ni ya ce jinina lafiya, rashin barci ne. Ya ba ni wasu ƙwayoyi masu ƙarfi, ya ce in na fara sha sai dai yarinya ta koma madarar gwangwani. Kwana huɗu suna aljihuna ina shafa su. Ranar Talata da safe na ce yau kam zan sha, na gaji.

Sai ga surukata, Inna Chun-ja, cikin baƙaƙen kayanta na roba, za ta nutso a teku, sana'ar matan garin nan.

"Ke So-dam, wannan fuska kamar an matse lemo? Ɗauko 'yar mu je."

"Inna, kaina fa..."

"Taho da shi, wa zai riƙe miki a gida?"

Muka gangara bakin teku, wajen zagayen duwatsun da matan masu nutso suke jin ɗumin wuta a ciki. Gwaggo Ok-sun, ƙawarta mai haƙori biyu, tana hango ni ta ce, "Ga amaryarmu mai numfashi kamar kare ya biyo ta!"

Inna ta ɗora tafinta a cikina, sanyi ƙalau. Ta ce, "Haɗamar iska gare ki. Mu in mun taso daga ƙasan ruwa, kai kamar zai tsage, tsohuwar iskar muke fara fitarwa. Tsuke baki. Sake ta a hankali har ta yi fito. Sabuwar za ta shigo da kanta."

Na gwada, sai yawu. Gwaggo ta kusa faɗawa wuta don dariya.

"Haba Gwaggo, ke da ba ki da haƙoran da za su tare miki iska!"

"Ja'ira! Chun-ja, wannan za ta rayu."

Suka shige ruwa suka bar ni, ina jijjiga kwandon Da-on da ƙafa. Hazo ya sauko, ba na ganin kowa. Sai can nesa na ji fiiit. Wata ta amsa daga gabas, siririya kamar tsuntsu. Duk wadda ta yi, sai in bi ta. Ban san sa'ad da nawa ya fara fita ba. Kafaɗuna suka sauko. Na ji kamar ni ma ina nutsewa, ruwan kore shar, ciyawar teku tana shafa min kunne, ciwon kuma ya zama wani ɗan dutse yana gangarawa ƙasa, ina kallonsa har ya ɓace.

Kukan Da-on ne ya dawo da ni. Gaban rigata jage-jage da nono. Na girgiza kai hagu da dama, Yaya, ciwo shiru!

Ranar Laraba ciwon ya ɗan leƙo, na zauna bakin ƙofa na yi fitona, ya lafa. Ƙwayoyin na ba maigidana Tae-gon ya mayar wa likita, ko ɗaya ban ɓalle ba.

Miƙo min ita, kin ga ta farka tana tsuke ɗan bakin nan.