Ƙugiyoyin Uwaisu

"Malama, ɗan danne min nan, hannuna rawa yake."

Na danne ƙugiyar a kan turmi, Uwaisu ya ci gaba da gurzar ta da magagari. Fenti na ɓarewa hawa-hawa: shuɗi, fari, baƙi, sai can ƙasa ƙarfe ya fito yana ƙyalli. Tari ya tsayar da shi. Na jira.

Shekara tara ɗakinsa na jikin nawa a gidan hayarmu na unguwar Sabo, Ibadan. Matarsa ta rasu tun kafin ya tare, ni ma ba ni da kowa sai rediyo da littattafan da suka rage min daga koyarwa. Shekara ashirin da biyu ya yi a wani kamfani a hanyar Akinyele, inda ake yi wa tagogi da ƙafafun kujeru fenti da busasshen gari. Ya sha yi min bayani. Ana rataye ƙarfe a ƙugiya, sarƙa ta ja shi gaban bindigar feshi, bindigar ta ɗora wa garin lantarki ya manne, sannan a wuce da shi tanda ya narke ya kwanta. To amma ƙugiyar ma tana shan fenti duk zagaye. In ya yi kauri, lantarki ba ya samun hanya, gari sai ya zube ƙasa. Shi ya sa duk Alhamis yakan tsayar da sarƙa awa guda, a kankare ƙugiyoyi.

Sabon manaja ya ce awar nan asara ce. Uwaisu ya musa, ga kuma tarin da garin fenti ya sa masa, sai aka sallame shi. Ya dawo da buhun tsofaffin ƙugiyoyin da aka zubar, yana kankare su ɗaya-ɗaya a ƙofar ɗaki, ba wanda ya sa shi.

Matan gidan kuwa, madarar gwangwani suke kawo masa, wai tana wanke ƙirji. Na ce da Sakinat, maƙwabciyarmu, madara ciki take tafiya, ba huhu ba.

"Ke dai Malama, boko ya hana ki yarda da komai."

"Na yarda da asibiti. Shi ma ya ce sai haƙuri."

Wata huɗu da sallamarsa labari ya iso unguwa cewa aikin kamfanin ya lalace. Tagogi na fitowa dabbare-dabbare, masu kaya na mayarwa. An canja gari, an canja bindiga, a banza. Daga bakin masallaci har wajen masu suya magana ɗaya ce: alhakin Uwaisu ne. Na zaci zai ji daɗi. Ranar da na gaya masa, bai taɓa abincinsa ba.

"Shekara ashirin da biyu, Malama. Wato ban iya komai ba, baki kawai gare ni?"

Ranar Talata da la'asar okada ta sauke Jamil, wanda ya gaji aikinsa, haifaffen Ibadan, magidanci mai 'ya'ya uku. Ya durƙusa a bakin tabarma da ƙullin goro.

"Baba, oga ne ya turo ni. Ya ce e jo, don Allah, a yafe mana. Layin fenti ya ƙi, wallahi."

"Yaushe rabonku da kankare ƙugiya?"

Jamil ya sosa ƙeya. "Oga ya ce ba lokaci."

"Amma akwai lokacin sayen goro." Uwaisu ya huta, yana neman numfashi. "Ni ban riƙe kowa ba. Ɗauki buhun can. Ɗari da arba'in ne, duk na gyara. Ka sauke na kan sarƙa, ka rataya waɗannan. Kada ka taɓa gari, kada ka taɓa bindiga. In ya gyaru ka zo ka faɗa a gaban mutane abin da ya gyara shi."

"In sha Allah, Baba. Jibi."

Ranar Alhamis tun hantsi ya sa na jingina shi da bango yana fuskantar ƙofar gida. Duk okadar da ta rage gudu sai ya ɗaga kai. Na kawo koko, ya kurɓa sau biyu. Wajen sha ɗaya ya ce, "Yanzu sun fito daga tanda." Na ce ƙila. Ya ce a bar su su huce tukuna, fenti da zafi yaudara yake. Na shiga yin azahar, da na fito kansa ya karkata, idonsa na kan ƙofa. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Jamil ya zo washegari bayan an sauko Juma'a, da guntun firam ɗin taga a hammata, fari sumul kamar kwano. A zaure ya tarar da masu zaman makoki. Ya tsaya yana juya ƙarfen.

"Ya gyaru?" in ji liman.

"Ya gyaru, Malam."

"Allahu akbar. Kun gani? Yana yafewa, Allah ya sake musu."

Daga soron ciki na ɗaga murya na ce ƙugiyoyi ne, a bar Jamil ya faɗa musu. Jamil ya buɗe baki, amma an riga an ɗaga hannuwa ana fatiha, shi ma ya ajiye firam ɗin ya ɗaga nasa. Sakinat ta ja min mayafi, ta ce in ji tsoron Allah, yau ba ranar gardama ba ce.

Da aka kwashe kayan ɗakinsa na tsinci ƙugiya ɗaya a gindin turmi, wadda na danne masa. Rabi kawai ya kankare. Na rataye ta a ƙusar bakin tagata. Da yamma rana kan sami gefen da ya gyara, ɗayan gefen kuma har yanzu shuɗi ne.