Dattin da ke cikin kwalba ta tara

Shekara uku da wata biyu Makiyayi ya yi yana kiwon abin da ido ba ya gani. Ɗalibai ne suka liƙa masa sunan, shi kuwa bai taɓa jin haushi ba. Ma'aikacin ɗakin gwaji ne, garkensa kuma yis, irin wanda ake sa wa burodi, a cikin siraran kwalabe goma.

Aikin ba wuya, sai dai ba ya son fashi. Kullum da hantsi zai girgiza kwalba, ya ajiye ta minti biyar, ya zura ɗan bututu ya tsotso ɗigo ɗaya daga can ƙasa, ya zuba a sabon ruwan sukari. Sauran a zubar. Farfesar da ta tsara aikin ta yi masa bayani tun ranar farko. Kowace ƙwayar yis zaman kanta take yi, ta haifi 'ya, su rabu. Amma idan 'ya ta maƙale wa uwa, sai su fi nauyi, su riga saura nutsewa, su ne ɗigon zai kwaso. A yi ta haka, in ji ta, wataƙila a hango yadda halittu masu ƙwaya ɗaya suka fara haɗuwa suka zama jiki, tun duniya ba ta san ganye ko kifi ba. Maganar nan ta shiga ransa, ba ta sake fita ba.

Tun watannin farko an ga 'yan dunƙule a madubin ƙara girma, amma nan suka cije, suka ƙi gaba. Ɗalibai suka gaji suka watse. Farfesa ma ta daina leƙowa, daga ƙarshe ta ce ran Alhamis za ta zo, in babu dunƙulen da za a gani da ido ƙuru-ƙuru, a zubar da komai, ana buƙatar kantar da kwalaben suke kai.

Abin da bai gaya wa kowa a wurin aiki ba shi ne, yanar ido ta kusa rufe masa gani. Sau biyu yana ɗage ranar asibiti don kar garke ya kwana ba a juya shi ba. Hannunsa ne kawai ya haddace aikin. Yanzu likita ya tsayar da Juma'a, ya ce ba ɗagi.

Ran Alhamis ɗin matarsa ta ce ƙafarta ƙafarsa, tunda jiya saura kaɗan ya gangaro daga bene.

"Yau dai zan ga shanun nan naka da suka hana mu zuwa ko'ina," ta ce.

Mace ce da ba ta iya ganin datti ta ƙyale, ko a gidan mutane sai hannunta ya kai ga tebur. Yana kan kwalba ta takwas, ya juya baya, sai ya ji ƙarar famfo.

"Haba baban yara! Shekara uku ko wanke kwalba ba ka iya ba? Wannan duk yashi ne a ciki."

"Kar ki zubar!"

Shekara talatin suna tare bai taɓa ɗaga mata murya haka ba. Ta tsaya cak, murfi a hannu ɗaya, kwalba ta tara a ɗayan, ta riga ta fara karkata ta. Ya lalubo gefen tebur ya iso gare ta.

"Yi haƙuri, maman yara. Rufe ta. Girgiza, ki ɗaga ta wajen taga. Me kike gani?"

"Na ce maka yashi." Ta ƙanƙance ido. "A'a, farare ne. Ga su nan suna sauka. Kai, sun fi ashirin."

"Da idonki? Ba madubi?"

"To da na wa?"

Ya ɗiga kaɗan a gilashi, ya zaunar da ita gaban madubin, ya nuna mata inda za ta murɗa. Ta kafa ido a ciki tana murɗawa.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Rassa gare shi. Reshe kan reshe, sun sarƙe da juna. Wasu a tsakiya sun motse."

"Waɗannan sun mutu. Daga wurinsu reshe yake ɓallewa ya zama sabon dunƙule."

"Wato su mutu don na bayansu su samu tafiya?" Ta ɗago ta dube shi. "Ashe da gaske kiwo kake yi."

Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa hannunsa.

Farfesa ta shigo da saurinta, makullin mota a hannu. Ya miƙa mata kwalbar. Ta ɗaga ta wajen taga, ta girgiza, ta sake girgizawa, sannan ta jawo kujera ta zauna.

"Tun yaushe suka kai haka?"

"Ranki ya daɗe, ban sani ba. Ni ban gan su ba. Wata shida ke nan ba na ganin komai sai hazo. Gobe za a yi mini aiki."

Farfesa ta dube shi, ta dubi kwalaben goma a jere, kowace da kwanan wata cikin rubutunsa da ya fara karkacewa. Kunya ta kama ta, ba ta kuma ɓoye ba.

"Ba abin da za a zubar. Je ka a gyara idonka, ka dawo ka ga abinka. Gobe ni zan juya su da kaina."

Matar ta ɗauki jakarta, ta kama hannun mijinta. Har sun kai ƙofa ta waiwayo, ta ƙare wa Farfesa kallo, da alama ba ta gama yarda da ita ba.

"Ranki ya daɗe, daga ƙasa fa ake ɗiba," ta ce. "Kuma minti biyar ne, kar ki ƙara."