Gurasar Gwamnati a Bakin Tumaki

Shekarar da ruwan sama ya ƙi sauka a kudancin Jodan, sha'ir, hatsin da ake ciyar da tumaki, ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Gurasa kuwa tana nan a farashinta na da, domin gwamnati ce ke biyan fiye da rabin kuɗin fulawar. Makiyayan ƙauyen su Fidda, can gaba da garin Tafila, ba su ɓata lokaci ba suka gano mafita. Tun da sassafe sai ka ga motocin a-kori-kura sun jeru a ƙofar gidan gurasa ana loda buhuna. A kai gida a shanya a kan soro, in ta bushe a farfasa, a zuba wa tumaki.

Fidda, wadda kowa ke kira Ummu Ayid, ita kaɗai ce mai garke da ba a shanya komai a soronta. Shekara tara ke nan da rasuwar mijinta, ya bar mata tumaki arba'in da ɗa guda, Ayid, mai jan tirela tsakanin Akaba da Amman. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, mai gidan gurasar ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya, Khalaf, wanda ake kira Abu Sakhar.

Wata rana da hantsi Khalaf ya zo da kansa ya dire mata buhu biyu a tsakar gida.

"Yaya, ga na tumakinki. Ban ce ki biya ba."

"Ɗauke abinka, Abu Sakhar."

"Kin ga haƙarƙarinsu kuwa? Wallahi ana iya ƙirgawa daga bakin titi. Mutane na cewa ƙaninta na da tanderu, dabbobinta na cin ƙasa."

"Su ce. Gurasar da in ta faɗi muke ɗauka mu sumbata mu ɗora a goshi, ita zan zuba a kwami? Kuma kai ka ce kyauta ce. Wa ya biya?"

"Gwamnati mana!"

"Gwamnati tana da gona ne? Ɗana duk inda ya tsaya shan mai sai an yanki haraji a jikinsa. Guminsa ne kake toyawa kana ba raguna."

Khalaf ya yi dariya, ya ce da ma tun suna yara ita ce mai hana ruwa gudu a gidansu. Ya kwashi buhunansa ya tafi. Washegari Fidda ta kai raguna shida kasuwa ta sayar, ta sayo sha'ir. Da ya ƙare ta sake kai biyar.

Ana cikin haka labari ya iso cewa kwamiti zai zo daga babban birni, a ji ra'ayin jama'a game da janye tallafin gurasa, a maye gurbinsa da katin kuɗi ga marasa ƙarfi kaɗai. Mai gari, Abu Mamduh, wanda garkensa ya fi na kowa, ya bi gida gida. Ya ce a share soraye, a ɓoye buhuna, kuma duk wanda ya ambaci tunkiya a gaban baƙi ya san inda zai koma da zama. Bai shiga gidan Fidda ba. A tunaninsa mace ba za ta buɗe baki a taron maza ba.

A ɗakin taron makaranta aka zauna, maza a gaba, mata a kujerun baya. Shugaban kwamitin, wani siririn mutum mai tabarau, ya sha gahawar da aka miƙa masa, sannan ya ce, "Akwai abin da ya ɗaure mana kai. Ƙauyen nan ba ku kai mutum dubu biyu ba, amma fulawar da ake kawo muku ta ishi mutum dubu shida. Ina take tafiya?"

Abu Mamduh ya gyara alkyabbarsa. "Ranka ya daɗe, mu mutane ne masu karamci. Baƙi ba sa yanke mana."

Aka kwashe da dariya, har da tafi.

"Baƙin nan ƙafa huɗu gare su."

Muryar daga baya ta fito. Fidda ta riga ta miƙe, hannunta ɗaya dafe da kujerar gabanta don gwiwarta na mata ciwo. 

"Zauna, Ummu Ayid," in ji mai gari, bai ko waiwayo ba.

"Na gaji da zama, Abu Mamduh. Malam mai tabarau, in kana son ganin fulawarka, zagaya bayan gidan kowane mai garke a nan. Mai tumaki ɗari uku yana cin tallafin mutum ɗari, matar da ba ta da ko akuya tana cin na bakin 'ya'yanta kawai. Wai wannan ne taimakon talaka. Ku janye shi. Wanda ke da hannu da ƙafa da dukiya ya ci guminsa. Wanda ba shi da komai, shi ku nema ku ba shi."

Hayaniya ta kaure. Wani ya ce tsufa ya taɓa ta, wani ya ce an saye ta. Khalaf ya miƙe, fuskarsa ta yi jawur.

"Yaya, ki ji tsoron Allah! Manya can sama suna haɗiye miliyoyi, suna gina gidaje masu hawa huɗu, ba ki gan su ba. Sai guntun gurasa a bakin tunkiya kika gani? Wannan kaɗai ne abin da ke isowa gare mu daga gwamnatin nan, shi ma ki ce a ɗauke?"

Maganar ta soke ta, don ta san akwai gaskiya a ciki. Amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ɓarawon sama ɓarawo ne, Khalaf, a kawo shi nan in faɗa masa a gaban idonsa. Amma satarsa ba ta halatta taka ba."

Bayan an watse, mai tabarau ya tare ta a ƙofa. Ya ce ya ji mijinta ya rasu, za a sa sunanta cikin masu kati.

"Ina da tumaki ashirin da tara da ɗa mai aiki," ta ce. "Kada ka ɓata tawadarka."

Wata uku bayan nan aka janye tallafin a ƙasar baki ɗaya. Ba maganar Fidda ce ta jawo ba, an daɗe da yanke shawarar, amma a ƙauye ba wanda ya yarda da haka. Kuɗin gurasa ya kusan ninkawa. Khalaf ya sallami ma'aikata biyu, ya kuma daina taka gidanta. Matan da ke sayen man shanunta suka koma wani wuri. In ta yi sallama a gidan biki, sai a amsa da ƙyar, a ci gaba da hira kamar ba ta shigo ba. Duk wannan bai hana ta barci ba.

Abin da ya dame ta Nofa ce, wadda ake kira Ummu Rakan, maƙwabciyarta ta jikin katanga, mai 'ya'ya shida, wadda mijinta ke kwance tun da mota ta karya masa baya. An ɗauki sunan Nofa, amma kati bai zo ba. Ta katanga Fidda ke jin yaran suna faɗa a kan gurasa. Sai ta ɗebi fulawa a kwano babba, ta haɗa da man shanu, ta je ta ƙwanƙwasa.

Nofa ta buɗe, ta dubi kwanon, ba ta miƙa hannu ba.

"Na gode, Hajiya. Mayar da abinki."

"Haba Ummu Rakan, don yara ne. Kafin gwamnati ta san da mu, ai maƙwabci ke riƙe maƙwabci."

"Shi ya sa na fi son ta gwamnati." Nofa ta dafa ƙyauren. "In na sayi gurasa mai araha, ba wanda nake wa godiya. Ba wanda ke leƙa tukunyata. Yanzu kin sa sai na tsaya a ƙofa in sunkuyar da kai in ce Allah ya saka. Ke kin yi jawabinki kin ji daɗi, mu muka biya."

Ta rufe ƙofa. Fidda ta juya riƙe da kwanonta. Ta koma gida ta zauna a gindin bishiyar zaitun har la'asar tana juya maganar. Ta duba zuciyarta ko za ta sami nadama a kan abin da ta faɗa a taro, ba ta samu ba. Abin da ta samu fushi ne, cewa an ɗauke na da, ba a kawo na yanzu ba.

Da safe ta sa baƙar rigarta ta fita unguwa, ta sake buga ƙofar Nofa.

"Ɗauko takardunki. Tafila za mu."

"Na je sau uku. Kullum gobe."

"Da ni ba ki je ba."

Ofishin rabon katin cike yake, layi har waje. Suna shiga Fidda ta hango Abu Mamduh a gaban tebur, yana zura sabon kati a aljihun ƙirji. Ashe ya mayar da garkensa da sunan ɗan'uwansa, ya zama marar ƙarfi a takarda.

"Sannu da talauci, Abu Mamduh!" ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Yaushe tumaki ɗari uku suka mutu ba mu zo jaje ba?"

Layin ya ɗauki dariya. Mai gari ya ja rawaninsa ya fice. Fidda ta ja hannun Nofa har gaban ma'aikacin, ta baje takardun.

"Ɗana, dube ta da kyau. Don irin wannan aka yi katin. Mijinta na kwance, 'ya'ya shida. Wancan da ka ba yanzu, hancin ragonsa ya fi gidanta maiƙo."

"Hajiya, a bi layi. Takardarta tana sama, ku dawo mako mai zuwa."

"Sama ina? Nuna mini matattakalar."

Ta jawo kujerar da ke gefen teburinsa ta zauna, ta ce ita da kujerar nan sai an ɗauke su tare. Aka kira mai gadi, ya zo ya ga tsohuwa sa'ar uwarsa, ya koma. Aka kira shugaban ofis, ta maimaita masa komai, har da sunan ɗan'uwan da aka rubuta wa garken. Kafin azahar aka gano takardar Nofa a ƙarƙashin wasu, aka buga mata hatimi. Na Abu Mamduh kuwa aka ce za a bincika, ko da yake Fidda ba ta sa rai ba.

A motar komawa gida Nofa ta ƙanƙame jakarta a cinya, tana kallon duwatsu ta taga. Can sai ta juyo wajen Fidda.

"Kada ki zaci na canja ra'ayi. Da kin yi shiru ranar nan, da ya fi mana."

"Ban zata ba. Gobe ma a kira taro, abin da na faɗa shi zan faɗa."

"Allah ya shirye ki, Ummu Ayid."

"Amin, mu duka. Matsa mini kaɗan, kin danne mini gwiwa."

Nofa ta matsa. Da suka sauka a bakin titi, kowacce ta nufi ƙofarta, Fidda ta wuce kai tsaye wurin tumaki, don tun safe ba a ba su ruwa ba.