Bene Shida Saboda Wasiƙa Ɗaya

Pélagie 'yar aiki ce ta shigo da jaridar, ta ɓoyo ta a ƙarƙashin kwanon nonon jakin da likita ya ce uwar ɗakinta ta riƙa sha kowace safiya. Ita ba ta iya karatu ba, amma wanzamin da ke ƙasan gidan ya karanta mata. Tun daga yadda ta dire kwanon, uwar ɗakin nata, Léonide, ta san da magana.

Layi huɗu ne kacal. Wai matashin marubucin nan Anatole Vérac ya kusa gama wasan kwaikwayo a kan wata mace da duk Paris ta sani, kuma ba zai ɓoye komai ba: sunanta na ainihi, ƙauyensu, da abin da ta baro a can.

Léonide de Marsanne suna ne da ta zaɓa wa kanta da ta shigo birni, yadda mace ke zaɓen hula a kanti. Da shi ta zama karuwar manya, wadda masu sarauta ke bin layi don a gan su a kusa da ita. Sunan da aka raɗa mata Zélie Crochard, 'yar mai gyaran tukwane a wani ƙauyen Normandi. Abin da ta baro kuwa Honorine ce, 'yarta mai shekara bakwai, tana makarantar sistocin coci a can. Sistocin sun ɗauka uwar yarinyar bazawara ce mai ɗinki. Ranar da suka ji gaskiya, ranar za su ɗaure wa Honorine kayanta su ajiye ta a bakin ƙofa. Yarinyar da aka kora da irin wannan tabo kuwa, hanya ɗaya ce a gabanta, kuma Léonide ta san hanyar nan taku-taku.

Mutum ɗaya ta taɓa gaya wa ban da Pélagie. Shekara biyu da suka wuce, lokacin da son Anatole ya rufe mata ido, ta zauna ta cika shuɗiyar takarda shafi takwas, ta zayyane masa komai, ta liƙe da jan kaki ta aika. Bai taɓa tayar da maganar ba. Wata guda bayan nan ya daina zuwa. A al'ada in an rabu ana mayar wa juna wasiƙu. Ta mayar masa da nasa a ɗaure da zare, shi ko ya yi kunnen uwar shegu da nata.

"Ɗauko min rigar nan mai ruwan toka," in ji Léonide.

"Ki je ina, Madam? Ki leƙa taga ki gani. An shimfiɗa bambaro a titi don kada ƙarar keken doki ta dame ki. Duk unguwa ta san halin da kike ciki, ke kaɗai ce ba ki sani ba."

"Na sani sarai. Shi ya sa ba zan jira gobe ba."

"Ni in je. In ya hana, in fasa masa kai da tulun tawadarsa."

"Ke zai rufe wa ƙofa. Ni ba zai iya ba, yana son ya ga yadda na koma."

Tarin fuka ya riga ya cinye ta. Pélagie ta ɗaure mata rigar tana ƙunƙuni, ta ƙara allura biyu a ƙugu don ta zauna, ta shafa mata ja a kumatu. Suka hau keken dokin haya da hantsi, sanyi yana yanka fuska.

Anatole yana zaune a ɗakin ƙarshe na wani tsohon gida, bene na shida. Marubuta suna son irin ɗakin nan, wai a can basira take. Tsohuwar da ke gadin ƙofa ta ƙare wa Léonide kallo daga hula har takalmi.

"Irinku ai aike kuke yi, ba ku hawa," in ji ta.

"Yau dai ga ni, Iya. Matsa."

Bene na ɗaya ta hau da ƙafarta. A na biyu ta kama ƙarfen matakala. A na uku tari ya sarƙe ta, ta durƙusa, hankicinta ya jiƙe da jini har ya ɗiga a safar hannunta. Pélagie ta fara kuka tana roƙonta su koma. Léonide ta ce mata ta zauna nan ta jira, don ba ta son kowa ya ga yadda za ta roƙi mutumin nan. Sauran ukun da gwiwa da tafin hannu ta gama su, tana kiran sunan Honorine a kowace matakala, tana tsoron kada ranta ya fita kafin ta kai ƙofar.

Ta miƙe, ta gyara hula, sannan ta ƙwanƙwasa.

"Léonide!" Anatole ya ja da baya, alƙalami a hannu. "Ai cewa aka yi ba ki tashi."

"Ka yi haƙuri, na ɓata maka labari. Ba ni kujera."

Ya ba ta. Idonsa ya sauka a kan jinin da ke safar hannunta, ya daɗe a can, kuma ba tausayi ba ne a cikinsa. Kallon tela ne da ke auna yadi.

"Na zo karɓar wasiƙuna."

"Haba, gimbiya. Su ne fa ƙashin bayan wasan. Za ki rayu shekara ɗari bayan an manta da duk matan ministoci."

"Ni ko wata ɗaya ma ba zan yi ba. Anatole, ka rubuta abin da ka ga dama. Ka ce na cinye gonakin maza goma, ka ce ba ni da zuciya, ka sa in mutu a kwata. Amma ka cire sunan, ka cire ƙauyen, ka bar yarinyar nan. Ba ta yi maka komai ba."

Ta zame daga kujerar ta durƙusa. Macen da jakadu ke sunkuyawa su ɗauko mata mafici, ga ta a kan daɓe mai datti ta riƙe ƙafar wandon yaron da ita ta koya wa ɗaure wuyan riga.

"Wace yarinya?" in ji shi.

"Kada ka yi min wasa, ba ni da numfashinsa."

"Na rantse ban san abin da kike faɗa ba. In jarida ce, mai gidan wasan ne ya sa aka rubuta, don a cika kujeru. Ni ina na san sunanki na ainihi? 'Yar wani basarake da ya tsiyace na mai da ke. Mutane sun fi yi wa irinsu kuka."

Ya janyo kwalin hula daga ƙarƙashin gado, ya zazzage wasiƙunta a tebur. Duk ya ja layi a ƙarƙashin wuraren da ta yabe shi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai shafi takwas ba ta ciki.

Iska ta kaɗa tagar, sai ta ɗaga kai. Can a tsagar da ke tsakanin katakon tagar da bango an cusa wata shuɗiyar takarda mai kauri don toshe sanyi. Ta rarrafa ta zaro ta. Ruwan sama ya jiƙa gefenta, rana ta koɗar da launin, amma jan kakin yana nan yadda ta danna shi da zobenta. Ba a taɓa buɗewa ba.

"Au, wannan," in ji Anatole, yana sosa ƙeya. "Da na ga kaurinta na ɗauka faɗa ne. Kin san lokacin kina yawan mita. Na ce sai na huta in karanta."

Ta buɗe murhun ƙarfen da ke kusurwa ta jefa ta. Takardar ta yi jinkirin kamawa saboda danshi. Léonide ta tsaya a kanta har ta zama toka, ta sa ƙarfe ta farfasa tokar.

"Me ke ciki?" ya tambaya. "Sashen ƙarshe na wasan ya gagare ni, wataƙila da ta taimaka."

"Faɗa ne," in ji ta.

Ta sauko a zaune, matakala ɗaya-ɗaya, har inda Pélagie ke jira.

"Ya bayar?"

"Na ƙone ta. Ba wanda zai taɓa Honorine."

"Mun gode Allah! To kukan na mene ne, Madam?"

Léonide ta jingina kanta da bango. Ta yi murna, murna ta gaskiya, amma wani baƙin ciki ya danne ta har ta rasa inda za ta sa shi.

"Shekara biyu, Pélagie. Shekara biyu ina cewa ya san ni ne ya gudu, har ina ba shi uzuri. Ina cewa ko ba komai akwai namiji ɗaya a garin nan da ya san wace ce ni."

Pélagie ta matso. Ta juya mata baya ta tsuguna, ta goya ta, suka fara sauka.