Dunƙulen da Isufu Ya Matse

A hunturun dubu biyu da goma, dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba a Bron, kusa da Lyon, gari ya waye kowace mota ta naɗa farin rawani. Ran nan ne Nasiru da matarsa Ruwaida suka iso daga Paris, suka cika ɗan gidan Isufu da akwatuna da hayaniya.

"Ina bawana?" in ji Nasiru tun daga bakin ƙofa. "Zo ka cire mini takalmi."

Nasiru ɗan kawun Isufu ne, wato taubashinsa. Tun suna yara a Maraɗi yake da izinin faɗa masa duk abin da ya zo bakinsa, Isufu kuwa ba shi da izinin fushi. Amma bara, wajen wani suna a unguwar Belleville ta Paris, gaban manyan mutane, Nasiru ya nuna shi ya ce, "Ga Docteur mai gadin kanti." Ba ƙarya ya yi ba. Isufu ya gama karatu har digirin dakta, aiki bai samu ba, gadi yake yi. Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Tun daga ranar maganar take tokare masa ƙirji, kuma babu inda zai kai ƙara, tunda a al'ada ba a yi masa laifi ba.

Bayan azahar Safi, matar Isufu, ta ce ba za a kashe irin wannan rana a ɗaki ba. Suka cusu a mota har tuddan yamma da Lyon, suka ajiye ta bakin wani ƙauye, suka kama hanyar gonaki da ƙafa.

Hamdiya, 'yar Isufu, ita ta fara jifa da ƙanƙara, ta sami Ruwaida a ɗankwali. Ruwaida ta tattare zanen da ta ɗaura kan wando, ta bi ta a guje. Safi ta je raba su, santsi ya kwashe ta, ta zauna daɓas tana dariya har da hawaye. Nasiru, da takalminsa mai sheƙi na zuwa ofis, yana tafe kamar akuya a kan siminti.

"Bawana, ashe nan ka ɓoye garin tuwon da aka aike ka niƙa?"

Isufu ya duƙa ya ɗebi ƙanƙara. Ya matse ta, ya ƙara, ya sake matsewa, har ta yi tauri kamar dutsen niƙa. Ga ƙeyar Nasiru a fili, ba hula. In ya sake ta, kowa zai ce wasan taubasai ne, Nasiru ma dole ya yi dariya ko da kai ya kumbura. Al'adar da ta rufe masa baki bara, yau ita za ta rufa masa asiri. To, idan duka suka ɗauka wasa ne, shi kaɗai ya san ba wasa ba ne, me ya aikata ke nan? Yatsunsa suka fara raɗaɗi.

Sai ƙafafun Nasiru suka yi sama, ya tafi da baya cikin wani ɗan kwari, hannuwa a baje. Matan suka riƙe ciki.

Isufu ya gangara wurinsa. Maimakon hannu, sai ya miƙa masa dunƙulen.

"Riƙe. Don ƙeyarka na yi shi."

Nasiru ya auna shi a tafin hannu, ya danna da yatsa bai lotsa ba. Dariyarsa ta tsaya.

"Wannan ba na taubashi ba ne, Isufu."

"Na mai gadin kanti ne."

Nasiru ya jujjuya abin a hannunsa. Can ya ce, "Ashe maganar ta shiga."

"Ta shiga."

Nasiru ya kalli dunƙulen, ya kalli Isufu. Sai ya buɗe wuyan rigarsa ta baya, ya jefa shi ciki da kansa. Ya zabura ya miƙe yana tsalle, yana kiran sunan uwarsa, yana neman kamo abin da ya riga ya gangara har ƙugu.

"Baban Hamdiya, me ka yi wa baƙonmu?" Safi ta tambaya daga sama.

"Ni ban taɓa shi ba."

"Tonton ya haukace!" in ji Hamdiya, don haka take kiran Nasiru, ta ƙara masa ɗaya a kunne.

Isufu ya ji dariya ta taso masa tun daga ciki, irin wadda ya daɗe bai yi ba. Ya ɗebi ƙanƙara hannu biyu, sako-sako, ya kifa wa Nasiru a ka.

"Bawa yana dukan ubangijinsa," in ji Nasiru, haƙoransa na kaɗawa. "Ruwaida, ki zama shaida."

"Ban ga komai ba," ta ce, tana dunƙula nata.